Robar da ta yi wata bakwai a cikina

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, na yi wata ƙarya mai kalma biyu kacal. Na sha shirga ƙarya doguwa mai rassa da ganye, wadda sai an nemi wuri an zauna kafin a gama jin ta, ba ta taɓa jawo mini abin da ya wuce dariya ko ranƙwashi ba. Wannan 'yar guntuwar ce ta kusa cinye mini ƙoda. Mahaifina ya tambaye ni, "Kafin rake ko bayan rake?" Na ce, "Bayan rake." Iyakar ƙaryar ke nan. Bari in koma farko don ku gane yadda aka yi.

Mu mutanen Gazara ne, nan wajen Maƙarfi. Tun ina ƙarami nake fama da ciwo a kwiɓina na hagu, yana zuwa yana tafiya. Babu wanda ya yarda da ni a gidanmu, kuma ban ga laifinsu ba, domin kafin nan na riga na yi ciwon kai na ƙarya, ciwon haƙori na ƙarya, har makantar kwana ɗaya na taɓa yi ranar da za a kai taki gona. Sai da na fara amai ina birgima a tsakar gida sannan mahaifina ya ce wannan ya fi ƙarfin wasan kwaikwayona. Aka kai ni asibiti a Maƙarfi, su kuma suka tura mu babban asibiti a Zariya. Da aka ɗauki hoto aka ce hanyar da fitsari ke bi ya fito daga ƙodar hagu ta tsuke, ruwa na taruwa a ciki. A ƙarshen damina aka yi mini tiyata.

Kwana biyu da yin aikin, likita ya zo zagaye. Ya tsaya a bakin gadona, ya zaro wata 'yar roba daga aljihu. Kaurinta bai fi na taliya ba, tsawonta ya ɗan wuce taƙi ɗaya, kowane kai nata a nannaɗe. Likitoci suna da sunan da suke kiran ta da Turanci, mu dai roba muka sa mata, kuma har yau roba muke cewa.

Ya ce da ni, "Irin wannan ce a cikinka yanzu."

Mahaifina ya ja da baya. "A cikinsa? Mantawa aka yi?"

"A'a, Malam, da gangan muka bar ta. Ta cikinta fitsari zai riƙa wucewa har ɗinkin ya warke, don kada hanyar ta sake tsukewa."

"To Likita, yaron nan fa ba ya zama wuri ɗaya. Ko a sahun salla sai ya motsa. In ya yi tsalle ta zame fa?"

Likita ya kama kan robar ya ja, ta miƙe sambal. Ya saki, ta koma ta nannaɗe kamar ba a taɓa ta ba. Ya sake ja, ya sake saki.

"Malam, kuna shuka kabewa?"

"Uwarsa na shukawa a bayan ɗaki."

"Ka ga 'yan zaren nan da take kama danga da su, iska ta yi ta kaɗawa ba sa saki? To haka wannan take. A miƙe muke shigar da ita, da waya a cikinta. In muka zare wayar sai ta naɗe da kanta, kai ɗaya a cikin ƙoda, ɗaya a mafitsara. Ba ta hawa sama, ba ta sauka ƙasa. Ko daga kan mangwaro ya diro tana nan."

"Kada ka ba shi shawara, Likita."

Likita ya yi dariya, sannan ya ɗaure fuska. "Amma baƙuwa ce, ba 'yar gida ba. In wurin ya warke dole a cire ta. Ranar sallama za a rubuta muku ranar dawowa a kati. Kafin nan kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kada ya yi aikin ƙarfi, ya riƙa shan ruwa da yawa."

Duk wannan dogon bayani, jimla ɗaya ce ta shiga kunnena ta shimfiɗa tabarma: kada ya yi aikin ƙarfi.

Wanda bai san aikin rake ba ba zai gane ni ba. Ku da kuke saye a bakin titi, an feƙe an yanka an jera, kun ɗauka daga sama yake faɗowa. Ganyen rake yana da kaifi, yana da ƙaiƙayi, yana shiga wuya da hammata da wuraren da ba zan ambata ba. Da sassafe za ka shiga fadama, raɓa ta jiƙa ka har ƙugu. Manya su sara, yara su ɓare ganye, su ɗaure, su ɗauka a ka zuwa inda amalanke ke iya tsayawa. Dami ɗaya a wancan lokacin ya fi ni nauyi sau uku, in kuma kun ce na ƙara gishiri, to sau biyu da rabi. Haka ake yi wata da watanni, duk ranar da ba makaranta, har da wasu ranakun da akwai.

Ranar da aka sallame mu, mahaifina ya tafi nemo mota, ya bar ni da kaya. Wata nas, gajeriya mai tabarau, ta zo da kati ta rubuta rana. Ta nuna mini da bakin biro.

"Kana makaranta?"

"Ni ne na ɗaya a ajinmu." Na ashirin da wani abu nake.

"To karanta mini."

Na karanta.

"Sati shida ke nan daga yau. Maimaita."

"Sati shida."

"Sake maimaitawa. Ka gaya wa babanka. In ta daɗe a ciki matsala ce."

Na maimaita sau uku, ta tafi. Ni kuwa tana juya baya na lissafa da yatsu, na ga sati shida ya faɗa daidai lokacin da ake sa adda a rakenmu. Wato za a cire robar yau, gobe a ɗora mini dami.

Mahaifina ba ya lissafi da watan Bature. Yana karanta Alƙur'ani, yana rubuta ajami, amma in ana maganar lokaci, gona ce kalandarsa. Ni kaina in ka tambaye shi yaushe aka haife ni, cewa zai yi ana cikin yankan dawa. Shi ya sa da muka zauna a mota bai ce wane wata ba, bai ce kwana nawa ba. Ya duba katin a hannuna, ya ce, "Kafin rake ko bayan rake?"

Ban ma yi tunani ba. Bakina ne ya riga ni.

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya kai mu." Da muka isa gida ya miƙa wa mahaifiyata katin, ta naɗe shi a leda ta sa a ƙasan kwallarta, inda take ajiye abubuwan da ba a taɓawa. Babu wanda ya yi tunanin kai wa wani ya duba. Ai suna da ɗan boko a gida.

Daga nan na shiga mulki. Ban taɓa jin daɗin duniya irin na watannin nan ba. Ruwa ba na ɗebowa, itace ba na faskarawa, ko buta ce ta cika da yawa sai in dafe kwiɓi in ce wash. Mahaifiyata, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta koma cewa, "Ku bar yaron nan, da abu a cikinsa." Nonon da Fulanin bayan gari ke kawowa, ni ake fara zuba wa. In an yanka kaza, hanta tawa ce ba gardama. A makaranta kuwa duk malamin da ya ɗaga bulala sai in ce, "Malam, a hankali, kada ta tsinke." Sai ka ga hannunsa ya sauko da kansa.

Robar kuma ta yi ta girma a bakina. Satin farko roba ce. Sati na biyu ta zama ƙarfe. Kafin wata ya ƙare ta zama na'ura mai batir da aka yo odarta daga ƙasar waje, guda uku ne kacal a duniya, ɗaya tana cikin wani shugaban ƙasa. Na gaya wa yaran unguwarmu cewa in na tsaya a kan suri ina kama tashar rediyo. Akwai wanda ya kara kunnensa a cikina ya rantse ya ji labaran rana. Yunwa ce take kuka.

Da aka fara rake, aka ba ni aikin da ya dace da mai lalura: zama a rumfar da ake dafa mazarƙwaila, ina kore ƙuda da kaji. Na riƙe wannan muƙami da gaskiya, har na ƙara wa kaina aikin ɗanɗanawa. Daga inda nake zaune ina hango mahaifina yana fitowa daga fadama da dami a ka, ya sauke, ya koma ya ɗauko wanda da ni zan ɗauka. Hannuwansa duk ganye ya tsattsaga. In ya wuce ta gabana sai ya ce, "Ka sha ruwa?" In ce na sha. Ruwan rake nake nufi. Ba zan ce abin bai taɓa ni ba. Ya taɓa ni, sai dai mazarƙwaila mai ɗumi tana da saurin kawar da tunani.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, abokina da muke benci ɗaya a aji. Ni na gaya masa da bakina, saboda ƙarya in ta yi kyau ba ta da daɗi sai da wanda zai yaba. Bai yaba ba.

"Kai, ranar fa ta wuce ke nan?"

"Da ɗan kaɗan."

"Wata guda ne ɗan kaɗan? In ta ruɓe a ciki fa?"

"Roba ce, ɗan ƙauye. Ka taɓa ganin silifas ya ruɓe?"

"Ka taɓa haɗiye silifas?"

"Likita da kansa ya ce ba ta zuwa ko'ina."

"Shi ya sa ya ce a je a ɗauko ta, shashasha. Da tana fita da kanta wa zai neme ka?"

Na gutsura masa mazarƙwaila na ce ya rufe mini baki. Ya karɓa ya cinye, sannan ya ce, "Ni dai ba ruwana. Ranar da ta tashi, ban san ka ba."

Gaskiya tun a lokacin jikina ya fara ba ni labari. Fitsari ya yawaita, in na tsuguna sai in ji wani abu ya soke ni daga mara har kwiɓi. Amma an riga an gaya mana za a ɗan ji haka, sai na jingina da wannan. Ruwa kuwa na rage sha, saboda in na sha sai fitsari, in na yi fitsari sai zafi. Dabara ce ta mai hankali irina.

Rake ya ƙare. Ranar da aka kwashe damin ƙarshe, muna zaune a zaure da la'asar, mahaifina ya ce, "To, rake ya tafi. Yaushe za mu Zariya?"

A nan ne na gano inda na saka kaina. Da farko lalaci ne ya sa ni ƙarya, yanzu kuma tsoro ya karɓi aikin. In muka je, likita zai duba kati, ya dubi mahaifina, mahaifina ya dube ni. Na hango wannan kallon tun daga Gazara. Sai na ce, "Ai na sake dubawa, Baba. Cewa aka yi sai ruwa ya sauka."

Ya kalle ni. "Sai ruwa ya sauka?"

"Saboda zafi. Ba a son cirewa da zafi."

"Ikon Allah. Likitan nan manomi ne?"

"Ai ka ji yana maganar kabewa."

"Haka ne kuma," in ji shi. "Ya san gona."

Na tsira a ranar. Na kuma tsallake sharar gona da kai taki, amma wannan karon ban ji daɗin hutun ba. Kullum ina duban sama ina roƙon kada hadari ya haɗu, ni kaɗai a duk ƙasar Maƙarfi.

Bazara ta yi tsanani, ciwon ya daina wasa. Fitsarina ya koma kamar an jiƙa zoɓo. Na riƙa zuwa bayan gari don kada a gani. Zazzaɓi ya fara kama ni da rana tsaka, in rakuɓe a inuwar rumbu ina karkarwa, mutane na fifita. In an tambaya in ce sauro ne. Mai tashar rediyo a ciki ya koma ba ya iya miƙewa tsaye sai ya dafa bango.

Mahaifiyata ce ta kama ni. Wata safiya fitsari ya matse ni ban kai bayan gari ba, na shiga makewayi, na fito na manta ban kora da ruwa ba. Ta shiga bayana. Ta fito ta wuce ɗaki, na ji ƙarar murfin kwalla. Ta fito da leda a hannu, ta aiki ƙanwata ta kira mahaifina daga zaure, ta kuma ce a biya a kira abokina.

Na ce, "Inna, kawo in karanta miki."

Ta ce, "Ka karanta mana sau biyu. Ya isa."

Abokina ya shigo da sallama, ya durƙusa ya gaida su. Da ya ga katin, ya gan ni a kwance a tabarma, sai ya fara duban ƙofa.

Mahaifina ya miƙa masa. "Ɗana, duba mana ranar da aka rubuta a nan."

Ya karɓa, ya juya shi gaba, ya juya shi baya. "Baba, ni fa Turancina bai yi ƙarfi ba."

"Rana ma sai da Turanci mai ƙarfi?"

"Rubutun asibiti ne, Baba, a karkace yake."

"Karanta a karkacen."

Ya dube ni. Na yi masa duk alamar da ido zai iya yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta wuce, Baba."

"Da kwana nawa?"

"Ba kwana ba ne."

"Sati?"

"Wata ne. Biyar, da 'yan kwanaki."

Mahaifina ya ɗan yi lissafi a ransa, irin nasa. Ya ce, "Kafin rake ke nan."

"Kafin rake, Baba."

Na rufe ido ina jiran abin da zai sauka. Ina ma shirin cewa a hankali kada ta tsinke. Babu abin da ya sauka. Da na buɗe ido yana tsaye yana gyara hula. Ya ce da mahaifiyata ta sa mana tabarma da buta a buhu, ya ce da ni, "Ɗauko takalminka." Mahaifiyata ce kawai ta taɓo maganar, ita ma ba da ni ba, da bango: "Hantar kaza nawa ya ci?"

A babur aka kai mu Maƙarfi, ina tsakiya, kowane rami sai na ji shi a ƙoda. Daga nan muka shiga motar Zariya. Tun daga gida har asibiti mahaifina bai ce mini uffan ba, sai sau ɗaya da ya sayi ruwa ya miƙo mini ya ce, "Shanye." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini da fitsari, aka sa mini ƙarin ruwa. Likitan nan dai shi ne. Ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo. Ko ni da ban san komai ba na ga robar, ga ta nan zaune inda aka bar ta, ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Sai dai kawunan nan biyu da na sani sirara sun zama dunƙule-dunƙule fari fat.

Ya ce, "Tsakuwa ce ta taru a kanta, sama da ƙasa. Cikinta ma ya toshe. Yanzu ko mun ja ba za ta miƙe ba, in ba ta miƙe ba kuwa ba ta fita. Ƙodar ta kumbura, ga ƙwayar cuta ta shiga." Ya ajiye hoton ya juya ga mahaifina, a gaban ɗalibansa da nas-nas da masu jinya na gadajen kusa. "Malam, ban gaya maka baƙuwa ba ce? Aikin minti kaɗan ne da kun zo a kan lokaci. Me ya fi ɗanka muhimmanci? Gona? Haka kuke yi, sai abu ya lalace ku kwaso mana. In ƙodar nan ta mutu fa?"

Mahaifina, wanda a garinmu in yana magana ba a katse shi, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "A yi haƙuri, Likita. Sakaci ne."

Bai ce na wa ba.

Zan so in ce muku a nan na yunƙura na tashi zaune, da robar ƙarin ruwa a hannu, na ce ni ne mai laifi. Haka nake ba da labarin a makaranta. Gaskiyar ita ce na lumshe ido na yi kamar zazzaɓi ya ɗauke ni. Ina jin likita yana ci gaba, ina jin mahaifina yana ta a yi haƙuri, ni kuma ina kwance ina wasan suma.

Sai na ji an ɗaga mini fatar ido da yatsa. Tabarau na gani, na nas ɗin nan gajeriya.

"Ba kai ne na ɗaya a ajinku ba?"

Ban san yadda aka yi ta tuna ni ba, cikin dubban mutanen da suka wuce ta hannunta. Wataƙila ba kowa ke yi mata ƙarya da irin wannan ƙarfin hali ba.

Ta juya ta ce, "Likita, yaron nan ni na ba shi kati. Babansa ba ya nan. Sau uku ya maimaita mini sati shida."

Likita ya matso. "Kai, gaskiya ne?"

Na ce, "E."

"Me ka gaya wa babanka?"

"Bayan rake."

"Don me?"

"Don kada in ɗauki dami."

Wani tsoho a gadon da ke kusa ya fashe da dariya har ɗinkinsa ya motsa, ya koma salati. Ɗaliban suka rufe baki da takardu. Likita bai yi dariya ba. Ya juya ya ce da mahaifina, "Malam, ka yafe ni. Na yi maka faɗa a kan abin da ba ka yi ba. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Mahaifina ya mayar da hularsa. "Ni na ba shi karatun ya riƙe mini, ban bincika ba. Kuma ba shi da lafiya. In ya warke ma yi magana."

Sati guda aka yi ana yi mini allurai kafin zazzaɓin ya sauka. Sannan aka shiga da ni tiyata aka farfasa tsakuwar ƙasa. Ta saman ta ƙi, sai da aka sake shiga da ni bayan wasu kwanaki, aka huda ta baya. Da na farfaɗo aka nuna mini robar a cikin wani ɗan kwano. Ba ta yi kama da na'urar shugaban ƙasa ba. Ta yi kama da igiyar da ta shekara a rijiya. Abin dariyar, sai da suka sake sa mini wata sabuwa, don wurin ya huce. Wannan karon nas ɗin ta rubuta ranar, ta karanta wa mahaifina da Hausa, shi kuma ya juya katin ya rubuta da ajami a baya. Ana cikin noman farko muka koma aka cire ta. Kafin in gama jin tsoro an gama.

Maganar da ya ce za mu yi in na warke, har yau ba mu yi ba. Na jira ta wata da watanni. Wani lokaci in muna zaune mu biyu sai ya gyara murya, gabana ya faɗi, sai ya ce in miƙo masa buta. Na daɗe ina ɗauka mantawa ya yi. Yanzu na fi zaton ya ga babu abin da zai ƙara a kan abin da na ji ina kwance ido a rufe.

Ban daina ƙara gishiri a labari ba, kun dai gani. Abin da na daina shi ne yi a wurin da mutum ya miƙo mini takarda don shi ba zai iya karantawa ba. Mutanen unguwarmu suna kawo mini takardar asibiti, ko saƙon waya, ko rubutun jikin maganin feshi, in karanta musu daidai yadda yake, in kuma sake karantawa. Wasu suna cewa na cika tsanani. Mahaifiyata kuwa har gobe in na karanta mata abu sai ta ce to, ta naɗe, ta aika wa abokina ya sake dubawa.

Ina zuwa asibiti sau ɗaya a shekara a duba ni. Ƙodar ba ta mutu ba, tana aiki. Likita ya ce ba ta kai 'yar'uwarta ta dama ƙarfi ba, kuma ba za ta sake kaiwa ba.